Zauren Iyali: Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

  A wannan fitowa za mu yi nisan kiwo har ƙasar Amurka, amma mai karatu ya kwantar da hankalinsa, domin maganar ta cikin gida ce.

Da wuya a zaga unguwa guda a Yamai, ko Maraɗi, ko Damagaram, ko Tawa, ba a tarar da gidan da ke da wani nasa a can ba. Da yawa daga cikinsu sun tafi ne a shekarun 1990, wasu ta hanyar ƙuri'ar bizar da aka fara bayarwa a 1995, wasu ta hanyar fatauci ko karatu. A lokacin suna majiya ƙarfi, masu shekaru talatin da ƴan kai. Sun tuƙa tasi a Niyok, sun yi aikin masana'anta a Girinsboro, sun tsare shaguna cikin sanyi da zafi. Da gumin nan nasu aka gina gidaje, aka biya kuɗin makarantar yara, aka kai tsofaffi Makka. Yau ga shi furfura ta bayyana, ƙafa ta fara nauyi, kuma da dama daga cikinsu suna dab da cika shekara 65.

A ƙasar Amurka wannan shekara tana da wani hukunci na musamman. A cikinta ne ƙofar inshorar lafiya ta gwamnati take buɗe wa dattijo, kuma ba ta daɗewa a buɗe. Wanda ya shiga a kan kari ya huta. Wanda ya yi jinkiri ba tare da uzurin da doka ta sani ba, zai iya zama watanni ba shi da abin da zai tsaya masa a asibiti, sannan a ɗora masa tarar da zai yi ta biya har ƙarshen rayuwarsa. Idan kuwa hakan ta auku, tukunyar da ke dahuwa a nan gida da abin da yake aikowa ita ma za ta ji a jikinta. Wannan ne dalilin da ya sa muka ga ya dace mu yi bayanin, domin mai ɗan uwa a can ya karanta ya isar masa.

Mene ne wannan tsari?

Sunan tsarin Medicare. Shugaba Lyndon Johnson ne ya sa hannu a kan dokarsa ranar 30 ga Yuli, 1965, a garin Independence na jihar Mizuri, kuma tsohon shugaba Harry Truman ne aka fara miƙa wa katin. Tsarin ya fara aiki ranar 1 ga Yuli, 1966. Tushensa shi ne abin da ake cira daga albashin ma'aikaci tun yana da ƙarfinsa: kashi 1.45 cikin 100 daga ma'aikaci, wani kashi 1.45 daga wanda ya ɗauke shi aiki. Mai sana'ar kansa kuma yakan biya duka biyun, wato kashi 2.9, lokacin da yake biyan harajinsa na shekara.

An kasa tsarin gida-gida, kowane gida da harafinsa. Sashe na A shi ne na kwanciya a asibiti. Sashe na B shi ne na ganin likita, da awon jini, da hoto, da jinyar da ba ta bukatar kwanciya. Sashe na D, wanda ya fara aiki a 2006, shi ne na magungunan da likita ya rubuta. Akwai kuma Sashe na C, inda kamfani mai zaman kansa yake haɗa wa mutum waɗannan a dunƙule bisa yarjejeniya da gwamnati.

Sashe na A kyauta ne ga wanda ya yi aiki yana biyan haraji na kimanin shekara 10, wato ya tara maki 40, tunda ba a samun fiye da maki 4 a shekara. Matar aure tana iya cin albarkacin makin mijinta, miji ma haka, muddin auren wanda hukuma ta sani ne kuma ya cika sharuɗɗanta. Sashe na B kuwa kowa biya yake yi wata-wata. A 2025 kuɗinsa na yau da kullum dala 185 ne, a 2026 ya koma dala 202.90, abin da ya haura jika 100 na kuɗinmu na sefa. Mai karatu ya lura, duk inda muka ce dala a wannan rubutu dalar Amurka muke nufi, ba dalarmu ta kasuwa mai tamma biyar ba.

Watanni bakwai

Ga jigon maganar. Doka ta ba mutum wa'adin watanni 7 domin yin rajistar farko: watanni 3 kafin watan da zai cika shekara 65, da shi kansa watan, da watanni 3 bayansa. A ɗauka an haifi mutum ranar 20 ga Yuni. Wa'adinsa zai fara ranar 1 ga Maris, ya ƙare ranar 30 ga Satumba na shekarar da ya cika 65.

Ko a cikin watannin bakwai ɗin ma akwai na gaba akwai na baya. Wanda ya yi rajista a watanni ukun farko, inshorarsa za ta fara aiki ranar 1 ga watan haihuwarsa. Wanda ya bari sai a watan haihuwar ko bayansa, sai ranar 1 ga watan da ke biye da rajistar. Saboda haka shawararmu a taƙaice ita ce a yi rajista a watanni ukun farko, kada a bar ko kwana guda a tsakani wanda mutum zai wayi gari ba shi da inshora. Cuta ba ta sallama, kuma kwanciyar ƴan kwanaki a asibitin Amurka tana iya cinye abin da mutum ya tara a shekaru.

Mutane da yawa suna zaton hukuma za ta aiko musu da katin har gida. Hakan yana faruwa, amma ga wanda ya riga ya fara karɓar kuɗin fansho daga hukumar Social Security, wadda take kamar CNSS a wurinmu, aƙalla watanni 4 kafin ya cika 65. Shi wannan akan sa shi a Sashe na A da na B kai tsaye, katinsa ya iso ta gidan waya kimanin watanni 3 kafin lokacin. Duk wanda bai fara karɓar fansho ba, shi zai nema da kansa, ta intanet, ko ta waya, ko a ofishin hukumar.

A nan ne ruɗani yake shigowa. Ga duk wanda aka haifa daga 1960 zuwa sama, shekarar cikakken fansho 67 ce. Sai mutum ya ji haka, ya ɗauka ita ma inshorar sai ya kai 67. Alhali kuwa an ɗaga shekarar fansho ne kawai, ta Medicare tana nan a 65. Wanda ya haɗa su wuri guda ya jira, ya yi asarar shekara biyu ke nan, kuma za a lissafa masa su.

Masu haihuwar 1 ga Janairu

Akwai wani abu da ya shafi mutanenmu fiye da yadda ya shafi yawancin Amurkawa. Da yawa daga cikin dattawanmu ba a yi musu takardar haihuwa ranar da aka haife su ba. Sai daga baya, lokacin shiga makaranta ko neman katin ɗan ƙasa, alƙali ya yanke shekara bisa kintace, aka rubuta « né vers » kaza. Da aka zo yin fasfo da takardun shiga Amurka, inda dole a cika gurbin rana da wata, sai aka rubuta wa da yawa 1 ga Janairu.

Abu na farko da za a riƙe shi ne, hukuma shekarar takarda ta sani. Ko da mutum ya tabbata a ransa cewa an rage masa shekara uku, ko an ƙara masa biyu, ko gyatumarsa ta shaida masa cewa da kaka aka haife shi, lissafin yana bin abin da ke rubuce a kundin hukumar.

Abu na biyu ya fi wannan ɓoyuwa. Wanda ranar haihuwarsa ta faɗo a 1 ga wata, doka tana ɗaukarsa kamar ya cika shekarun a ranar ƙarshe ta watan da ya gabata, don haka wa'adinsa gaba ɗaya yana matsowa da wata guda. Mu ɗauki misalin dattijon da takardarsa ta ce 1 ga Janairu, 1962. A takarda zai cika 65 ranar 1 ga Janairu, 2027. Wa'adinsa zai fara ranar 1 ga Satumba, 2026, ya ƙare ranar 31 ga Maris, 2027. Idan ya yi rajista tsakanin Satumba da Nuwamba, inshorarsa za ta fara ranar 1 ga Disamba, 2026. Idan kuwa ya yi lissafi irin na kowa, ya ɗauka yana da sarari har ƙarshen Afrilu, zai je ya tarar an rufe ƙofa.

A ƙara da cewa waɗannan watanni su ne daidai lokacin da yawancin ƴan uwanmu suke gudun sanyin can su taho gida hutu. Mutum ya sauka Yamai a Nuwamba, ya shiga hidimar aurar da ƴa ko duba gini, kafin ya koma damar ta wuce. Wanda ya san wannan lissafi sai ya gama da rajista kafin ya ɗaure kaya.

Tarar jinkiri

Me zai faru ga wanda wa'adin ya kuɓuce masa? Abu biyu. Na ɗaya, ba zai iya shiga Sashe na B duk ranar da ya ga dama ba. Sai ya jira lokacin rajista na gama-gari, daga 1 ga Janairu zuwa 31 ga Maris na kowace shekara, kuma tun daga 2023 inshorar takan fara ne a watan da ke biye da rajistar. Wanda ya farga a watan Mayu, zai yi zaman jiran watanni takwas ko fiye, yana fatan kada wani abu ya taso.

Na biyu ita ce tara. Kowane cikakkun watanni 12 da mutum ya yi bai shiga Sashe na B ba alhali ya cancanta, ana ƙara masa kashi 10 cikin 100 a kan kuɗin wata-wata, kuma ƙarin yana bin sa muddin yana cikin tsarin. Wanda ya yi jinkirin cikakkun shekaru 3, ƙarinsa kashi 30 ne. A lissafin 2026, wannan ya kama dala 60.87 a kowane wata, wato kimanin dala 730 a shekara. Idan Allah ya ba shi shekara 15 nan gaba, abin ya doshi dala 11,000, ko da kuɗin bai ƙaru ba, alhali kuwa kusan kowace shekara sai ya ƙaru, tarar kuma tana ƙaruwa tare da shi. Mai karatu ya auna buhun hatsi nawa wannan zai saya wa iyali a nan gida.

Sashe na D ma yana da tasa tarar. Wanda ya yi kwana 63 a jere ko fiye bayan wa'adinsa ba shi da inshorar magani da hukuma ta yarda da ita, ana ƙara masa kashi 1 cikin 100 na wani ma'aunin kuɗi na ƙasa a kan kowane wata da ya yi jinkiri, ita ma har abada. Mun sha jin dattijo yana cewa shi ko maganin ciwon kai ba ya sha, don me zai biya kuɗin magani? Muna taya shi godiya ga Allah a kan lafiya. Sai dai hawan jini da ciwon suga sun fi zuwa ne a irin waɗannan shekaru, kuma ranar da suka zo maganinsu na kullum ne. Ga wanda ke cikin tsarin, tun daga 2023 kuɗin allurar insulin ba ya wuce dala 35 a wata, sannan daga 2025 an sa iyaka ga abin da mutum zai kashe daga aljihunsa a shekara a kan magungunan da sashen ya ƙunsa, wadda ta fara da dala 2,000.

Hikimar tarar a fili take. Asusu ne na taron jama'a, inda mai lafiya yake ɗaukar nauyin marar lafiya. Da an bar kowa ya jira sai ya kwanta sannan ya shiga, da asusun bai kai labari ba. Ko a adashinmu na unguwa, ba a yarda mutum ya shigo ranar kwasa.

Wane ne zai iya jira ba tare da tara ba?

Doka ta san uzuri guda babba. Wanda ya cika 65 yana kan aiki, kuma yana da inshorar lafiya ta wurin aikin nan da yake yi a halin yanzu, ko ta wurin aikin matarsa, ko mace ta wurin aikin mijinta, yana iya jinkirta Sashe na B. Ranar da aikin ya ƙare ko inshorar ta tsaya, duk wanda ya riga faruwa, sai a ba shi watanni 8 ya yi rajista ba tara. Zai kai shaida daga wurin aikin a kan takardar da ake kira CMS-L564, don haka ya kyautu ya karɓe ta tun bai yi sallama da su ba.

Amma a kula da wurare huɗu da ƙafa take zamewa.

Na ɗaya, girman wurin aikin. Idan ma'aikatan kamfanin ba su kai 20 ba, to a bisa ƙa'ida Medicare ce ke fara biya ga wanda ya cika 65, inshorar kamfanin tana biyo baya. Wanda bai yi rajista ba zai iya tarar da inshorar kamfanin ta ƙi biyan kason da ya kamata Medicare ta biya. Mai aiki a ƙaramin shago ko gareji ya yi rajista a kan lokaci.

Na biyu, inshorar da mutum ke ci gaba da biya bayan ya bar aiki, wadda suke kira COBRA, da wadda wasu kamfanoni ke ba tsofaffin ma'aikatansu. Waɗannan ba sa cikin uzurin. Watanni takwas ɗin suna fara lissafi daga barin aikin, ko da katin tsohon kamfanin yana nan cikin aljihu yana aiki.

Na uku, masu sana'ar kansu, kamar direbobin tasi da ƴan kasuwa da masu kitso, waɗanda suka sayi inshora a kasuwar inshorar da dokar Obama ta 2010 ta kafa. Ita ma wannan ba uzuri ba ce. Bugu da ƙari, rangwamen da gwamnati ke yi wa mutum a can yana tsayawa da zarar ya cancanci Sashe na A na kyauta. Tunda mutanenmu da yawa a wannan rukuni suke, muna roƙon a isar musu da wannan batu musamman.

Na huɗu, aikin hannu da hannu. Shekarun da mutum ya yi yana karɓar kuɗi ba tare da ya bayyana wa hukumar haraji ba, ba su haifar masa da maki ko ɗaya ba. Wanda makinsa bai kai 40 ba zai sayi Sashe na A da kuɗinsa: a 2026 dala 311 a wata ga mai maki 30 zuwa 39, dala 565 ga wanda bai kai 30 ba. Kowa yana iya duba makinsa a wurin hukumar kyauta. Mai shekara 58 ko 60 da ya duba yau ya ga saura maki 8 ko 12, yana da sararin cike su. Mai shekara 65 ba shi da sararin cike su kafin wa'adinsa ya zo.

Iyayen da aka ɗauko, da masu komowa gida

Wasu ƴaƴa, Allah ya yi musu albarka, sun ɗauko iyayensu zuwa Amurka domin su kula da su. Tsohon da ya shiga da izinin zama na dindindin, wato koren kati, kuma bai yi aiki a ƙasar ba, sai ya yi shekara 5 a jere yana zaune a can kafin ya cancanci sayen Medicare. Wa'adinsa na watanni bakwai yana zagaye ne da watan da ya cika shekaru biyar ɗin, idan ya riga ya kai 65. Doguwar zama a gida a tsakani tana iya katse lissafin, don haka kafin Hajiya ta ce za ta je ta ga jikoki ta shekara, a nemi shawara. Haka kuma dokar da aka sa wa hannu ranar 4 ga Yuli, 2025 ta taƙaita tsarin ga ƴan ƙasa, da masu koren kati, da wasu rukunai ƙalilan. Wanda zamansa yake bisa wata takarda dabam, kamar ta neman mafaka, ya bincika matsayinsa tun da wuri.

Sai kuma wanda zuciyarsa ta karkata ga komowa gida, kuma mun san su ne mafi yawa. A sani cewa Medicare ba ta biyan jinyar da aka yi a wajen Amurka, in ban da wasu lokuta ƙalilan ƙwarai. Ba ta biya a Yamai, ba ta biya a Makka ko Madina. Ganin haka sai wani ya ce, tunda zan tafi, bari in dakatar da Sashe na B in huta da biya. Wanda ya yanke shawarar komowa ke nan har abada, kuma ya tanadi yadda zai yi jinya a gida, wannan lissafi ne da za a iya fahimta. Amma wanda zai riƙa kai da komowa, ko wanda ya san idan babban ciwo ya taso jirgi zai hau ya koma wurin likitocinsa, ya yi tunani sau biyu. Ranar da ya koma, zai jira Janairu kafin ya sake shiga, kuma za a lissafa masa tarar shekarun da ya yi a waje. Sashe na A na kyauta kuwa babu dalilin barinsa.

Akwai wata ƙofa ta daban da ita ma take da wa'adi. Sashe na B yakan biya kashi 80 cikin 100 na kuɗin jinya, ya bar wa mutum kashi 20, kuma wannan kaso ba shi da iyaka. Domin cike giɓin akwai ƙarin inshora da ake kira Medigap. A cikin watanni 6 na farko bayan mai shekara 65 ya shiga Sashe na B, kamfani ba shi da ikon ƙin karɓarsa ko tsawwala masa saboda wata cuta da yake da ita. Bayan haka, a yawancin jihohi, yana da wannan iko. Jihar Niyok tana cikin ƴan jihohin da suka bar ƙofar a buɗe duk shekara. Wasu nau'o'in wannan ƙarin inshora suna biyan wani kaso na jinyar gaggawa a ƙasar waje a cikin kwana 60 na farkon tafiya, abin da zai amfani mai niyyar Hajji ko Umra.

Ina matsayin addini?

Mun san akwai waɗanda abin da ya hana su rajista shi ne tsoron Allah, domin sun ji malamai suna cewa inshora haramun ce. Wannan damuwa ce mai daraja, kuma ta cancanci amsa. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1985, ta rarrabe tsakanin inshorar kasuwanci, wadda ta hana saboda garari da ke cikinta, da inshorar taimakon juna, wadda ta halatta. Malamai da yawa na wannan zamani suna sanya tsarin da hukuma ta kafa domin kula da tsofaffi da ma'aikata a ɓangaren taimakon juna, tunda ba riba ake nema da shi ba. Ga shi kuma an riga an ciri kuɗin daga gumin mutum shekara da shekaru, haƙƙinsa ne yake karɓa. Sassan da ke hannun kamfanoni, wato C da D da Medigap, su ne suka fi bukatar a zauna da malamin da ya san halin ƙasar, domin hukuncin larura da bukata yana da nasa bayani. Abin da muke roƙo shi ne a yi tambayar tun kafin wa'adi ya zo.

Kula da tsoho daga baitulmali ba baƙon abu ba ne a Musulunci. Malaman tarihi sun kawo cewa Sayyidina Umar ɗan Haɗɗabi, Allah ya yarda da shi, ya ga wani tsoho Bayahude yana bara, ya ga rashin adalci ne a karɓi jiziya daga mutum yana saurayi a yasar da shi da ya tsufa, sai ya yanka masa abin masarufi daga baitulmali. Tanadi kuma ba ya karo da tawakkali. Annabi Yusufu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya tara hatsi a shekarun yalwa saboda shekarun fari. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umurci mai raƙumi ya ɗaure raƙuminsa sannan ya dogara ga Allah. Lafiya da ajali suna hannun Allah, rajista kuwa tana cikin abin da ya bar mana a hannunmu.

Abin da ya rage gare mu

Rashin kuɗi ma bai kamata ya hana kowa zuwa ba. Jihohi suna da shirye-shiryen da ke biya wa mai ƙaramin ƙarfi kuɗin Sashe na B, akwai kuma tallafin magani, kuma wanda ya samu irin wannan tallafi akan ɗauke masa tarar. Kowace jiha tana da ofishin ba da shawara kyauta a kan Medicare, wanda ake kira SHIP, kuma hukumar Social Security tana samar da tafinta kyauta ga wanda Ingilishi bai zauna masa ba. Matambayi ba ya ɓata. Sai dai a tambayi waɗannan ofisoshi, a yi hattara da masu bugo waya suna neman lambar kati da sunan taimako.

Ga ƴaƴa da ƙanne da matan aure da ke karanta wannan shafi, a nan gida ko a can, aikin da muke ba ku ƙarami ne. Ku tambayi dattijonku ranar haihuwar da ke rubuce a takardunsa na Amurka. Ku ƙirga watan da zai cika 65, ku koma baya wata uku, ko wata huɗu idan ranar 1 ga wata ce, ku rubuta wannan rana a inda ba za a manta ba. Ku tambaye shi ko ya duba makinsa, da irin inshorar da yake da ita yanzu, da ko ta wurin aikin da yake kai ce. Iyayenmu maza ba su cika son a yi musu maganar tsufa da ciwo ba, don haka a zaɓi lokaci, a tausasa harshe, a nuna musu cewa kulawa ce ta kawo tambayar. Mutumin da ya yi shekara talatin yana amsa wayarmu duk lokacin da bukata ta taso, ya cancanci mu ma mu buga masa waya sau ɗaya saboda tasa bukatar.

Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Allah ya ba iyayenmu lafiya da nisan kwana mai albarka, ya kare matafiyanmu a duk inda suke, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya sa mu gama da duniya lafiya. Sai mun sake saduwa a fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu.